Ƙyauren da Ya Shiga Rediyo

Saƙon da Bushra ta turo wa Nazeer gajere ne, amma sai da ya sa shi ɓarar da shayi a kan fiyano: Baba ya ce ya zo bayan la'asar, kuma ya riga ya ji sana'arsa.

Nan gizo ke saƙar. Alhaji Abdulƙadir, mahaifin Bushra, jikan fataken Larabawa ne da suka zauna cikin birni tun zamanin ayarin raƙuma, kuma kowa ya san maganarsa ɗaya ce: 'yarsa ba ta shiga gidan makaɗi, ko da zinare aka ɗaure gangar. Shi kuwa Nazeer ɗan Yakasai, da kiɗa yake ci. Yana da ɗan situdiyo a saman wani shagon robobi a Ƙofar Wambai, inda yake haɗa kiɗan tallar sabulu da na maganin basir.

Sai dai yana da makami guda. Taken labaran yamma na Rediyo Tantabara, wanda in ya tashi tela ke ɗage ƙafa daga keke, mai shayi ya tsaya da ludayi a sama, masu dara su manta wa ke da wasa, shi ya haɗa shi. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yi, kamar yadda ba a tambayar wa ya gina Dala. Kuma duk Kano babu mai son taken nan kamar Alhaji. Bushra ta ce da ya ji an fara, yatsa ɗaya yake ɗagawa, ko tari ya kama ka sai ka haɗiye abinka. Sau da yawa ma labaran ba ya jin su, take na ƙarewa gyangyaɗi ke ɗaukarsa. In aka ce masa ai wannan ma kiɗa ne, sai ya ce a'a, sallamar labarai ce, kuma Jamusawa ne suka yi ta, masu ilimi, sanye da kwat.

Abin da ko Bushra ba ta sani ba shi ne asalin sautin ƙarshe, dogon nan mai hawa sama kamar busa, wanda Alhaji ke lumshe ido a kansa. Shekara biyu da suka wuce Nazeer ya je gidan su Bushra sayen alkaki wurin Gwaggo Asibi, yayar Alhaji. Ya tura tsohon ƙyauren zaure mai ƙusoshin ƙarfe, ƙyauren ya yi wani kuka mai daɗi da ya tsaya masa a kunne. Ya ciro waya ya naɗa. Yana cikin buɗewa da rufewa kamar taɓaɓɓe wata yarinya ta leƙo ta tambaye shi ko ƙyauren ya zo saya. Ranar ya samu ƙarshen takensa, ya kuma samu Bushra.

Saboda haka ya sa farar shadda, ya feshe jiki da turare, ya kama hanya yana jin nasara a aljihu.

Ya tarar da ƙyauren a wangale, an tokare shi da dutse. Alhaji na zaune a kan darduma, rediyonsa a gefe cikin rigar da aka ɗinka mata ta karan-miski. Bayan labulen shiga gida akwai ƙafafu biyu masu lalle da ba su yi ƙoƙarin ɓuya ba, na Gwaggo Asibi.

Nazeer ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi iyaye da kakanni har aka kai ga wanda ya fara zama Yakasai. Sannan Alhaji ya gyara zama ya ce an gaya masa yaron kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla, amma an ce ganga yake bugawa da na'ura.

"Ranka ya daɗe, haka ne. Amma taken labaran nan da kake so, ni na haɗa shi."

Alhaji ya dube shi, ya dubi rediyo, ya yi dariya har da share hawaye da gefen rawani. Da dariyar ta ƙare fuskar da ta rage ba ta da daɗin kallo.

"Yaro, makaɗi ina sallamarsa da mutunci, har in ba shi alkaki ya tafi da shi. Maƙaryaci kuwa ko ruwa ba ya sha a gidan nan. Kai ne Bajamushen?"

Nazeer ya ce yana da shaida, kuma shaidar tana cikin zauren nan. Ya bayyana yadda ya naɗi kukan ƙyauren, ya ja shi ya ɗan yi tsawo, ya ɗora a kan kalangu. Ya nemi izini, ya miƙe, ya ture dutsen da ƙafa, ya kama ƙyauren kamar mai gabatar da babban baƙo, ya ja.

Shiru.

Ya tura. Shiru. Ya sake ja da ƙarfi, ya tura a hankali, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya danna shi ƙasa. Ƙyauren da ya shekara ɗari yana tashin unguwa yana ta lilo sumul kamar labulen siliki. Iskar da yake kaɗawa kawai ke motsa gemun Alhaji. Gumi ya jiƙa farar shadda.

Daga bayan labule Gwaggo Asibi ta yi gyaran murya, cike da alfahari, ta ce ai ita ce ta yi wannan aikin da safe. Baƙon kunya zai zo gida, ƙyaure na ihu kamar akuyar da aka taka wa wutsiya? Ragowar man suyar alkaki ta ɗiba ta shafe masa kowace gaɓa da gashin kaza.

Alhaji bai ko dubi labulen ba. Ya nuna wa Nazeer takalmansa, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Nazeer ya saki ƙyauren ya rufe kansa ba ko ƙis. Ya sa ƙafar dama a takalmi, yana laluben na hagu, yana tunanin abin da zai gaya wa Bushra, sai ya ga yatsan Alhaji ya tashi sama. Lokacin labarai ya yi. Dokar yatsan nan ba ta ware korarre ba, don haka ya ƙame a tsaye, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, kamar zalɓe a bakin kududdufi.

Kalangu ya fara, ƙasa-ƙasa, kamar mai zuwa da magana daga nesa. Fiyano ya bi shi a guje. Alhaji ya lumshe ido, kansa na gyaɗawa. Duk da halin da yake ciki, sai da Nazeer ya ji daɗin wurin da ganguna ke tsayawa cak su ba sautin ƙarshe hanya. Sautin ya taso, dogo, ya hau sama.

"Shigo," in ji Alhaji, ido a rufe.

Ba wanda ya shigo. Ya buɗe ido ya dubi ƙyauren. A rufe yake, yana ƙyallin mai. Gidan da masu sayen alkaki ke shige da fice wuni guda, kukan ƙyaure ba ya yankewa, shi ya sa Alhaji bai taɓa rarrabe na rediyo da na zaure ba. Yau da na zauren ya yi shiru, saura ɗaya, kuma daga cikin rigar karan-miski ya fito.

Labule ya yaye. Gwaggo Asibi ta fito riƙe da haɓa.

"Abdu, wallahi ƙyauren Kaka ne. Har da ɗan shaƙewar nan tasa ta ƙarshe."

Mai karanta labarai ya yi ta zuba bayani kan farashin taki, ba mai sauraro. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙyauren kakansa kamar yau aka kawo shi a bayan raƙumi. Can ya ce, a hankali, shekara biyu yana sa wa Jamusawa albarka.

Gwaggo ba ta bar shi ya huta ba. Ta ce to ga shi nan, gidan makaɗa dai tun kaka da kakanni, kullum Kano na sauraron ɗan gidan, sai a san da bakin da za a kori na waje.

"Yaya, ki iya bakinki. Ƙyaurena ba makaɗi ba ne. Ma'aikacin gidan rediyo ne." Ya juya ga Nazeer, wanda har yanzu ke tsaye da takalmi ɗaya. "Wanda ya sama masa aikin kuwa ba a yi masa butulci. Ka turo magabatanka. Amma ba za su shigo ta beben ƙyaure ba. Ranar da muryarsa ta dawo, ranar za su zo."

Washegari masu zuwa sayen alkaki suka tarar da saurayi tsugune a zaure da bokitin ruwan zafi da omo da tsohon buroshin haƙori, kiyashi sun yi masa layi har gwiwar hannu, don man Gwaggo da zuma a cikinsa. Bushra na leƙowa tana tambayarsa ko har yanzu cinikin ƙyauren bai faɗa ba. Ya wanke, ya goge, ya hura toka a gaɓoɓin, Alhaji na zaune yana ba da umarni.

Ranar Alhamis ƙyauren ya yi wani ɗan gurnani. Ranar Asabar ya saki kuka sosai, har maƙwabta suka leƙo. Alhaji ya sa aka buɗe aka rufe, ya karkata kai, ya ce na rediyo ya fi zaƙi, amma wannan ma ba laifi, mura ce ba ta gama sakinsa ba.

Da baffannin Nazeer suka iso da goro ranar Lahadi, ba a tokare ƙofar da dutse ba. Alhaji ya sa kowannensu ya shigo shi kaɗai, ya rufo ƙyauren a bayansa.