Masu Sayen Gidan Mis Lorna

Ni nake kai wa Mista Wendell Dyck da matarsa Mis Lorna gas da cefane tun shekarar da suka tare a gaɓar arewa. Sunana Orlin Ebanks, jirgin ruwa na haya nake tuƙawa a nan tsibirin Guanaja, kuma duk wanda zai je gidan nan sai ta ruwa, don babu hanyar mota ko ta ƙafa. Abin da ya sa suka saye shi ke nan. Manoman alkama ne daga Saskatchewan. Sun sayar da gona da motocin noma da gidan da suka haifi 'yarsu a ciki, suka zo suka sayi gidan katako mai dogayen ƙafafu, teku a gabansa, kurmin cikin ruwa a bayansa. Mista Wendell yakan ce ya kwashe dusar ƙanƙarar da za ta ishe shi har kabari.

Mutum ne mai son hira da tsokana. In na iso da kaya yakan tsaya a kan gadar katako ya ce, "Kyaftin, yau ma ka makara. Kifi ne ya tsare ka da tambaya a hanya?" Ni kuma in ce masa manomi bai san komai a kan ruwa ba sai sha.

Ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali. Da farko sunana ne yake ɓace masa, ya riƙa ce mini "yaron kirki," alhali ina da jikoki. Daga baya ya fara tashi da safe yana neman takalman sanyi, wai zai je ya duba gona. Mis Lorna ta cire tiyon mai daga injin kwalekwalensu ta ɓoye, ta mayar da kwalekwalen bayan gida, ta ɗaure shi a ɗan rafin da ke ratsa kurmi. Likitan da suka gani a La Ceiba ya gaya mata gaskiya: nan gaba zai buƙaci masu kula da shi dare da rana, kuma tsibirinmu ba shi da irin wannan wuri. Duk abin da suka mallaka yana cikin gidan nan. Sai ta sa shi a kasuwa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu wanda ya taya. Ciyawar teku ta riƙa taruwa a bakin yashinsu tana ruɓewa, ita kaɗai take kwashewa da manjagara, mace mai shekara saba'in. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa.

Wata ranar Laraba, Yesenia Murillo, dillaliyar da ke riƙe da gidan, ta kira ni. Ta ce ta samu miji da mata daga Minnesota, da gaske suke, sun ga hotuna sun ƙyasa, kuma jirginsu na sama zai tashi da yamma a ranar da za su ga gidan. Da na kai wa Mis Lorna labari sai ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da tafin hannu.

Ta ce, "Orlin, don Allah kada ka ce musu komai a kan Wendell. In sun tambaya, ka ce yana hutawa."

Na ce, "Mis Lorna, ni direba ne. Bakina injin jirgi ne, ƙara kawai yake yi."

Ranar Juma'a na ɗauko su da hantsi, tare da Yesenia. Mijin, Rodney Vance, dogo ne mai jan wuya, da madubin hangen nesa a rataye a ƙirji, yana kallon kowane tsuntsu. Matar, Paulette, ba ta daina dariya ba tun daga gari. Kwanan nan suka yi ritaya. Da gidan ya bayyana daga bayan tsauni ta kama hannun mijinta ta ce, "Rodney, kalla. Shi ne."

Mis Lorna ta tarbe mu a kan gada cikin riga mai furanni, har da jan baki. An share yashi tas. Ƙamshin burodin kwakwa yana fitowa daga kicin. Mista Wendell kuwa ta zaunar da shi a rumfar kayan aiki da ke bayan gida, ta ba shi buhun jan wake da faranti, ta ce ya tsince mata. Aikin da yake so ke nan, yakan yi rabin yini a kai bai ɗaga ido ba.

Ina zaune a cikin jirgina ina jin su ta taga. Ta nuna musu tankin ruwan sama, ta nuna batiran sola, ta buɗe kowace ƙofa. Paulette ta tambaye ta, "Yanzu fisabilillahi, me zai sa mutum ya bar wuri irin wannan?"

Mis Lorna ta yi dariya ta ce, "Kewar 'yata ce kawai. Kin san zuciyar uwa."

Can ta ce bari ta kawo musu ruwan lemon tsami. Na ga ta zagaya bayan gida. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta shiga kicin, ta fito da tire. Ta miƙa wa kowa kofi a baranda, ta amsa wa Rodney tambayarsa a kan rufin kwano, ta ce sabo ne, ba ya yoyo. Sannan ta sauko da kofi ɗaya ta nufo ni. Kafin ta iso rabin lemon ya zube a kan katako.

Ta durƙusa kamar mai miƙo mini, ta ce a hankali, "Ba ya nan. Kwalekwalen ma ba ya nan."

Na ce, "Ai babu tiyo a injin."

"Filafilai. Na manta da filafilai, Orlin."

Na ɗaga kai na dubi ganyen kwakwa. Iskar gabas ce take kaɗawa, ruwa kuma yana janyewa. Rafin nan yana fitowa ne ɗan nesa da gidan, daidai inda katangar duwatsun ƙarƙashin ruwa take da ƙofa. Abin da ya shiga ƙofar nan a irin wannan lokaci, babbar teku zai nufa.

Ta ce, "Ka je kai kaɗai, shiru. Zan riƙe su da hira. Ka dawo da shi ta baya, ba za su sani ba."

Na ce, "Ba zan iya tuƙi in kuma ɗauko shi ni kaɗai a cikin igiyar ruwa ba. Kuma ba zai yarda da ni ba, kin sani. Muryarki kaɗai yake bi."

Ta waiwaya ta kalli baranda. Paulette tana auna faɗin taga da hannu, tana gaya wa Yesenia kalar labulen da za ta sa. Sai Mis Lorna ta ajiye kofin, ta miƙe, ta ɗaga murya.

"Mijina ba shi da lafiya. Hankalinsa ya tafi. Ya ɗauki kwalekwale ya fita, kuma zan tafi da jirgin nan yanzu."

Yesenia ta ce wa baƙin su zauna su jira, ba za a daɗe ba. Rodney bai ko saurare ta ba. Ya sauko da gudu yana riƙe da madubinsa, ya ce ido huɗu ya fi biyu, matarsa ta biyo shi. Na kira ɗan'uwana Delmar a oba-oba na ce ya sanar da masunta, na tayar da inji.

A cikin katanga babu komai sai wani filafili guda yana yawo. Mis Lorna ta gan shi, ta ƙanƙame bakin jirgi. Muka bi ta ƙofar muka fita. A waje ruwa ya canza kala, igiyoyi suna ɗaga mu suna saukewa, rana tana dukan ruwa har ido ba ya iya tsayawa. Mis Lorna ta riƙa kiran sunansa, iska tana mayar mata da shi. Ta kira har muryarta ta dushe, ta koma kamar ta mai tari. Na bi inda na san ruwa yake ja, na yi gaba, na karkata, na dawo. Paulette ta yi amai sau biyu a gefen jirgi. Duk farin kumfa da ya taso sai Mis Lorna ta nuna ta ce ga shi can, in mun je babu komai.

Ta juyo ta ce mini, "Bai iya ruwa ba. Duk shekarun nan ina ce masa ya koya."

Rodney ne ya hango shi. Ya ce, "Can, hagu. Akwai mutum a tsaye."

A tsaye yake kuwa, a tsakiyar kwalekwalen, ƙafafu a buɗe, babu hula, fatar kansa ta yi ja. Ya rungume buhun waken a hannun hagu. Yana ɗiba da dama yana watsawa a kan ruwa, ya juya ya watsa ɗaya gefen, a natse, kamar ba abin da ke motsi a ƙarƙashinsa. Ruwa ya kai masa idon sawu a cikin kwalekwalen.

Na rage wuta na matso ta inda iska ba za ta haɗa mu da ƙarfi ba. Mis Lorna ta ce, "Wendell. Zauna, masoyi. Zauna ƙasa."

Ya dube mu ya ɓata rai. "Wa ya ce ku shigo da mota cikin gona? Yanzu na shuka nan."

"Yi haƙuri. Abinci ya nuna, zo mu tafi gida."

"Ban gama ba. Ruwan sama na zuwa." Ya dubi Rodney. "Wannan wane ne? In daga banki yake, ki ce masa sai bayan girbi."

Rodney ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya ja da baya, kwalekwalen ya karkata har ya ɗebi ruwa. Paulette ta yi ƙara. Kafin in ce wani abu Mis Lorna ta taka bakin jirgina ta yi tsalle. Ta faɗa cikin kwalekwalen a kan gwiwoyi, ƙwaurinta ya daki ƙarfen kujera ya tsage. Ta rarrafa ta kama bel ɗinsa da hannu biyu, ta ja shi ƙasa da dukkan nauyinta har ya zauna daɓas. Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, sai ya ga jini.

Ya ce, "Lorna, kin ji ciwo. Me kike yi a nan ba takalmi?"

Da ƙyar muka tsallako da su, ni da Rodney, shi yana jan hannu ni ina riƙe da igiya da sitiyari. Buhun ya faɗa ruwa. Na ɗaure kwalekwalen a baya, muka juya.

Paulette ta cire mayafin wuyanta ta ɗaure wa Mis Lorna ƙafa. Mista Wendell ya kwantar da kai a kafaɗar matarsa, leɓunansa sun tsattsage, yana shan ruwa daga gorar da take riƙe masa. Ɗaya hannunta bai saki bel ɗin ba. Muna shiga cikin katanga, gidan ya sake bayyana, sai na ji muryar Mis Lorna, a dushe.

"Tankin ba ya taɓa ƙafewa, ko da rani. Kayan ɗakin duka zan bar muku. Da firji, da kwalekwalen nan, injinsa lafiya lau yake, tiyon yana cikin kwabar kicin." Ta dubi Rodney, ta dubi Paulette. "Ciyawar ba kullum take zuwa ba. Ku faɗi abin da za ku iya bayarwa, ko nawa ne. Ba zan yi gardama ba. Don Allah."

Paulette ta fashe da kuka. Rodney ya sunkuyar da kai yana juya madubinsa a hannu. Ya ce gida ne mai kyau ƙwarai, za su yi shawara.

A hanyar filin jirgi ba su tambayi Yesenia komai ba. Sai da muka kusa Rodney ya matso kusa da ni ya ce, "Kyaftin, in mutum zuciyarsa ta buga a gidan can, yaya ake yi?"

Na ce, "A kira ni. In teku ta yarda, in zo."

Ya gyaɗa kai. Matarsa tana riƙe da hannun rigarsa har suka sauka. Bayan kwana biyu suka aiko wa Yesenia cewa sun fasa.

Ƙafar Mis Lorna ta yi ruwa, ta kumbura, ta kasa hawa matakala. Matata Verna ta koma can da yini, tana dafa musu miyar kifi tana zama da Mista Wendell, ni kuma na janye kwalekwalen na kawo shi gari. Kafin Kirsimeti 'yarsu ta zo ta tafi da su. Ɗaki ɗaya gare ta a ƙasan gidanta a Regina, nan ta sa su, suna jiran gurbi a gidan kula da tsofaffi. Akwati biyu kawai suka ɗauka. Mista Wendell ya yi mini godiya a filin jirgi, ya ce in gaishe da babana, wanda bai taɓa gani ba.

Gidan yana nan. Gara ta fara cin matakalar baya, tsatsa ta kama makullan tagogi. Nakan biya in buɗe shi ya sha iska in na sami fasinja ta wajen. Mis Lorna tana kirana ranar Lahadi bayan coci. Takan tambayi Verna da jikoki, ta ce Wendell ya daina magana sosai amma yana cin abinci. Daga nan sai ta tambaya ko wani ya zo ganin gidan. In gaya mata babu. Ta ce to, wataƙila in sanyi ya tsananta a wajensu mutane za su fara nema, in daure in share yashin gaban gida kafin lokacin.