Kuskure Ɗaya, Yatsu Huɗu

A ofishin su Dogo ba a rigima a kan kujera, ba a rigima a kan wanda ya shanye madarar shayi. Amma ka taɓa wa mutum maɓallinsa na kibod, wato allon buga rubutu na kwamfuta, ranar za ka ga jan ido. Ƙaramin kamfani ne, ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran firji, kuma abu guda suke sayarwa: manhajar rubutu, irin wadda ke ja wa kuskure jan layi a ƙasa. Kowane umarni a cikinta yana da suna, yana da maɓallin da ake dannawa ya yi aiki. Al'adar wurin tun kafuwa ita ce, duk wanda ya riga ya ɗora umarninsa a kan maɓalli, to ya zama nasa, kamar fili. Ba a ƙwacewa, ba a aro, ko da umarnin ya mutu ya ruɓe. Masu saye ma ba su da ikon canzawa. Oga, mai kamfanin, ya kulle wannan ƙofar tun ranar da wani ya hargitsa nasa ya zo yana zage-zage a kan matakala.

Dogo ya shigo kamfanin a makare, ya tarar an gama rabo. Bai taɓa damuwa ba sai da ciwo ya kwantar da yayarsa.

Yaya ce ta riƙe shi tun yana ƙarami, ita ta fara ɗora yatsunsa a kan kibod. Aikinta gyaran rubutu a wata maɗaba'a, kuma da manhajar su Dogo ake aiki a can. Ta tashi daga jinya hannun hagu ya shanye. Bugun rubutu da hannu ɗaya bai gagare ta ba, mace ce mai zuciya. Abin da ke cinye mata yini shi ne farautar jan layi. Ta saki kibod, ta kama linzamin kwamfuta, ta gangara shafi tana ware ido, ta danna, ta dawo ta gyara, ta sake komawa. Mai maɗaba'ar ya yi mata magana cikin ladabi, irin ladabin da gara a zage ka: idan saurinta bai dawo ba zuwa ƙarshen wata, akwai mai jiran kujerar.

Shi ya sa Dogo ya duƙufa ya rubuta sabon umarni. Ka danna maɓalli ɗaya, ya ɗauke ka cak ya dire ka a kan kuskure na gaba. Yatsa ɗaya, ba ruwanka da linzami. Ya gwada, abu ya tafi sumul. Ya ce wa Yaya ta kwantar da hankalinta, kafin ƙarshen wata za ta ga abin mamaki. Saura suna da maɓalli, su kuwa sai an zauna taro.

Idonsa yana kan maɓallin F8, can sama ta hannun dama, inda yatsan Yaya zai kai ba wahala. Matsalar ita ce F8 na Dattijo ne, ma'aikacin farko a kamfanin. Abin da maɓallin ke yi kuwa, Allah na tuba, shi ne ya mayar da shafi kore, wai don ido ya huta. Babu mai dannawa sai bisa kuskure, shi kansa Dattijon rabonsa da shi tun kafin ya fara sa tabarau. Ranar taro Dogo ya hau matakala da safe yana nanata wa kansa: suna su sa duk wanda suka ga dama, ko na kakan Oga ne, shi dai maɓalli. Maganar Yaya kuwa ba zai yi ta ba. Shi mutum ne da ba ya so a ce ya kawo kukan gida ofis.

Suka zauna su huɗu a ɗakin ciki, fanka tana ta ƙara ba iska. Oga a kan tebur, rabin hankalinsa a waya. Dattijo da kofinsa. Sai Madam, mai kula da talla, wadda ba ta taɓa rubuta umarni ko ɗaya ba amma ta raɗa wa ashirin suna.

Dogo ya nuna aikinsa, kowa ya gyaɗa kai. Oga ya ce, "Sunansa?"

"Je Ga Kuskure Na Gaba, yallaɓai."

Madam ta ajiye biro a hankali. "Kuskure? Mutum ya sayi kayanmu, mu kuma mu dube shi mu ce ya yi kuskure? Mai saye ba ya kuskure, Dogo. A sa Ziyarci Wurin Ingantawa."

Da Dogo ya tuna abin da ya faɗa wa kansa a matakala, da sai ya ce to, a wuce wurin. Har ya buɗe baki zai ce to ɗin, sai Madam ta ƙara da cewa, "Wannan sunan naka ai kamar ɗan firamare ne ya rubuta."

Shi ke nan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Dogo ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, kansa ya kusa taɓa fanka. Ziyara? Asibiti za a je ko gidan surukai? Mutumin da ke neman kuskure, kuskure zai nema, ba wurin ingantawa ba! Madam ta ce to a sa Matsala. Ya ce matsala ita ce a ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Ta ce Abin Lura. Ya ce komai a duniya abin lura ne. Oga ya ɗago daga waya ya ce me zai hana a sa Tsallaka, yana da daɗin faɗi, ya koma wayarsa. Aka tafka muhawara a kan ko zuwa ake yi ko tsallakawa, Dogo ya zana kibiya a allo, ya goge, ya zana wata. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Wallahi tun da ya fara aiki a wurin bai taɓa jin daɗin muryarsa irin na ranar ba.

Duk wannan Dattijo na kurɓar shayi yana kallo. Tsohon ya ga inda idon Dogo ke zuwa a kibod tun makon jiya, ba yaro ba ne. Sai da rana ta take, kowa ya galabaita, sannan ya yi gyaran murya.

"Ni dai a ganina, Dogo ya fi mu gaskiya. Kuskure sunansa kuskure. Na daɗe ban ga suna mai tsabta irin wannan ba."

Madam ta tsuke baki ta kau da kai. Oga ya ce an gama, sunan Dogo ya zauna. Dogo ya koma kujera baki har kunne, kansa ya yi girman da ƙofar ɗakin ba za ta fitar da shi ba.

"Saura maɓalli," in ji Oga, yana duba agogo. "A yi sauri, ana jirana."

Dogo ya dubi kibod ɗin da ke kan tebur. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da ma F8 na yi tunani."

Dattijo ya ajiye kofi. Bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya dubi Dogo da idon uban da ɗansa ya ci amanarsa a gaban baƙi.

"F8 ɗina? Ni da na tsaya maka yanzun nan?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"A'a, ɗauka. Idan haka ake yi yanzu, ɗauka."

Jimla ɗaya ce ta rage wa Dogo. Abin da zai faɗa kawai shi ne, yayata hannu ɗaya gare ta, shi ke nan. Tana nan a kan harshensa, yana jin nauyinta. Amma mutumin da ya gama cin nasara a tsaye, yanzu ya dawo yana roƙo da ciwon 'yar'uwarsa, a gaban Madam? Ya haɗiye ta, ya ce, "Haba Baba, wane ni. A duba wani."

Aka shiga dubawa. Duk maɓallan da ke tsaye su kaɗai suna da masu su. F6 na wani ne da ya bar aiki tuntuni, amma ai ba a gadon mai rai. Sai aka koma haɗa maɓallai, waɗanda ake dannewa tare: F6 da Kontrol na Oga ne. F6 da Kontrol da Shif, Madam ta kama shi saboda wani umarni da ba a rubuta ba tukuna. Da aka ƙara maɓallin Alt a kan ukun nan, sai aka samu fili fetal, ba kowa.

Oga ya jawo kibod, ya danne uku da hagu, ya taɓa F6 da dama. "Ka gani? Ko yaro zai iya. Wa ya yarda?"

Hannaye suka tashi. Na Dogo ne na ƙarshe, amma ya tashi. Abin da taro ya yanke kuwa ba a sake buɗe shi sai fitowar sabuwar manhaja ta shekara mai zuwa, wannan ma al'ada ce. Dattijo ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofa ya ce yana da basira, zai yi nisa.

A hanyar gida Dogo ya yi ta lallashin kansa. Yaya tana da dogayen yatsu, irin na gidansu. Wataƙila ta kai. Ya gwada a kan cinyarsa cikin mota, ya baje hannu har jijiya ta ɗaure, matar da ke kusa da shi ta matsa gefe.

Ranar da sabuwar manhajar ta sauka a kwamfutocin maɗaba'a, Yaya ta dawo da tata gida da yamma, ta ɗora a kan teburin falo, ta ture kwanon da ke kai. Fuskarta a sake, rabon da ya ga haka tun kafin jinya.

"Zo, ƙanina. Na ga sunan abin a saman shafi, har na nuna wa mai maɗaba'a na ce aikinka ne. Wanne zan danna?"

Dogo ya tsaya a bayanta, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya nuna mata da yatsa: wannan, da wannan, da wannan, sai wancan na sama.

Yaya ta dubi kibod, ta ɗago ta dube shi. Ta baje hannun dama, ta danne biyu, na uku ya kufce. Ta juya hannun, ta kama ukun, F6 yana can sama ko kusa ba ta kai ba. Sai ta ɗauko hannun hagu da na dama, ta ɗora shi a kusurwar kibod ko nauyinsa zai danne. Ya zame ya faɗo kan cinyarta, shafin ya cika da haruffan banza.

"Yaya, wallahi na yi ƙoƙari. Taro ne. Sunan dai ni na..."

"Suna ya yi kyau," in ji ta. "Danne min ukun nan."

Ya sunkuya ya danne. Ta taɓa F6 da yatsa ɗaya, manhaja ta yi tsalle ta dire a kan jan layi. Ta gyara. Ta sake taɓawa, ta sake direwa. Cikin ɗan lokaci suka share shafi uku, shi a duƙe bayansa na ciwo, ita tana gudu kamar da can. Abin yana aiki, babu inda ya yi gardama.

Yaya ta rufe kwamfutar, ta gyara hannun hagu a kan cinya.

"Madalla, ka iya aiki. Gobe ka tashi da wuri mu tafi tare. Zan roƙi mai maɗaba'a ya sa maka kujera a gefena."