Sunaye Goma Sha Bakwai a Gefen Shafin Malam

Malam ya rasu ranar Litinin cikin watan Rajab na bara. Bai bar gona ba, gidan da muke ciki ma na haya ne. Abin da ya bari akwatin kayan aikinsa ne, da kwalaben man keke, da wani shafi a intanet da ya ce in kula da shi. Ni aji huɗu na tsaya a firamare. Ina karatu a hankali, rubutuna kuma ga shi kuna gani. Daga kaina nake faɗa, in na rikita shekara a yi mini haƙuri.

Sunan mijina Kabiru. Na rubuta ne don a gane labarin, amma ni Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Gyaran keken ɗinki yake yi a Kasuwar Muda Lawal, sama da shekara talatin. Ɗanmu ɗaya ne namiji, shi ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Ɗanlarai nake ce masa.

Ɗanlarai bai son gyaran keke, mota yake so. Wata rana Malam ya bar masa kan keken wani tela ya haɗa, ya dawo ya tarar ya bar shagon a buɗe ya tafi wajen masu lodin hatsi. Da ya dawo, Malam ya mare shi a gaban mutane, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa. Shago yake nufi. Yaron ya ɗauka gida ake nufi. Kafin la'asar ya hau motar masara ta Kudu, yana da shekara goma sha tara. Ya kira sau biyu a shekarar farko, kowane da lambar wani, ni kaɗai ya yarda ya yi wa magana. Sai aka sace wayar Malam a kasuwa, layin ya tafi. Bayan nan mai gidanmu na cikin gari ya sayar da gidan, muka koma Inkil. Shagon ma aka mayar da shi wani layi a kasuwar. Ko da yaron ya waiwayo, ba lamba, ba gida.

Kusa da shagon Malam akwai Oga Godfrey mai buga takardu da kwamfuta. Sa'an Malam ne, tare suke shan shayi. Shi ya ce masa, "Malam, yaran yanzu ba sa tambayar mutum, waya suke tambaya. Ran da ya yi kewar gida, sunanka zai rubuta da sana'arka da Bauchi. Bari ya tarar da kai a wurin."

Ya buɗe masa shafi. Hoton Malam ne a bakin shago, da ɗan bayanin gyaran keke, sai a ƙasa aka rubuta: Ɗana, na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Mun koma Inkil, gida mai shuɗiyar ƙofa bayan injin niƙa. Innarka tana nan lafiya. Sai lambar waya.

Amma in ka rubuta sunan a wurin bincike, shafin ba ya fitowa. Masu sunan Malam sun yi yawa a Bauchi, masu sayar da keken ɗinki ma haka. Oga Godfrey ya ce injin binciken yana duba shafi nawa ne suka ambace ka, wanda aka fi ambata shi ake sawa a sama. Dabarar ita ce ka sami mai shafi, ka sa sunan nasa a naka yadda in an taɓa zai kai mutum can, shi ma ya sa naka. Linki suke ce masa.

Malam ya dawo gida yana yi mini bayani yana wahala da hannu. Na ce, "Malam, ai kwano ne wannan. Ka kai wa maƙwabciya tuwo, kwanon ya dawo da dambu."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Hamsatu, Godfrey ya yi awa guda bai faɗa haka ba."

Ya zaga garin nan a kan babur ɗinsa wajen shekara biyu. Duk wanda ya ji yana da shafi sai ya je ya gaishe shi. Akwai mai zuma a Yalwa, da mai ɗaukar hoton biki, da wata makarantar koyon ɗinki, da wani malami mai rubuta tarihin unguwanni. Akwai Patricia, Maman Lucky, matar wani soja da ya rasu, tana ɗinkin kayan mata a bakin barikin Shadawanka. Wasu ya gyara musu keke kyauta kafin su yarda. Sunaye goma sha bakwai ya jera a gefen shafinsa, su ma kowa ya sa nasa. Shafin ya taso har ya zama na uku a fuskar farko ta abin da binciken ke fitarwa. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a bakin gado ya duba. In ya ce mini "Muna nan," na san ranar zai sha kokonsa da daɗi.

Haka muka yi shekaru. Yaron bai kira ba, amma muna nan inda zai gan mu.

Tun kafin ciwon Malam ya tsananta shafin ya fara sauka. Na biyar, na takwas, sai ya faɗa fuska ta biyu. Malam ya ɗauka wani ne ya cire nasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kowa yana nan. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Kada ki bari ya nutse. In ya zo nema ya tarar da ni."

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. A cikinta na koyi rubuta sunan Malam a waya da yatsana, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. Ran da na fita takaba shafin yana fuska ta huɗu.

Na ce a raina, laifina ne. Mutanen nan sun zo gaisuwa, ban bi su na yi godiya ba, zumunci ya yi sanyi. Na jiƙa shinkafa na soya masa, na yi miyar taushe, na shiga Keke Napep da kwanuka. Juma'a bakwai na yi ina zagawa. Mai zuma ya karɓa yana kallona kamar na zauce. Mai hoto ya ce shi ya ma manta yana da shafi, yanzu duk aikinsa a waya yake tallatawa.

Maman Lucky ce ta ja ni ciki ta ba ni kujera.

"Kai, Yaya Hamsatu, wannan masa haka? Kina so in yi ƙiba in kasa shiga ƙofa?"

"Ai kin riga kin kasa," na ce.

Ta yi shewa ta dafa ni. Ta nuna mini shafinta a waya, ga sunan Malam a wurin. "Kin gani? Ba na cire shi. Mutumin da ya gyara mini keke ran da ba ni da ko na gishiri? Yana nan har in mutu."

Kwanona ya dawo cike da gwate. Daga nan duk Juma'a haka muke yi da ita. Amma shafin ya koma fuska ta biyar.

Na je wajen Oga Godfrey. Ya tsufa, gashin kansa duk ya yi fari, shagon ba kowa. Na ce masa na kai wa kowa abinci, kowa ya bar linkinsa, me ya sa muke sauka?

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Mama, tun Malam yana da rai na so in faɗa masa, na kasa. Injin ya waye. Yanzu in ya ga na sa naka ka sa nawa, sai ya ce ai waɗannan junansu suke yabo, ba ya ɗaukar abin da nauyi kamar da."

"To laifi ne a yabi juna?"

"Ba laifi ba ne. Bai da daraja ne kawai."

"Wanne ne mai darajar?"

"Wanda mutum ya ambace ki don kansa, ke ba ki rama masa ba."

Na ce, "Wato in ci tuwon mutum in riƙe kwanonsa."

Ya ce, "Ni ban ce haka ba, Mama."

Na koma Inkil da maganar nan a kaina. Kwana uku ina juya ta ina tankaɗe, ina juya ta ina wanki. Na ga abin a fili. Su goma sha bakwai sun ambace mu. Abin da ya ɓata shi ne mu ma mun ambace su. In aka cire sunayensu daga shafinmu, ambaton da suka yi mana ya zama kyauta. Na san ba kyau. Na kuma tuna Malam a gadon asibiti da wayar a hannu.

Na koma na ce wa Oga Godfrey ya goge sunayen gefen nan duka.

"Mama, ban ce zai yi aiki ba fa. Shafin nan ƙarami ne, nasu ma ƙanana ne. Ƙila ba abin da zai canza."

"Ƙila kuma ya canza?"

Ya ce, "Ki fara gaya musu."

"In na gaya musu za su cire sunan Malam daga nasu."

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya fara. Ina tsaye a bayansa. Mai zuma ya tafi. Makarantar ɗinki ta tafi. Kowane suna na san ranar da Malam ya dawo da shi, har na tuna wanda ruwa ya dake shi a hanya ya shigo yana rawar sanyi yana murna. Da aka zo kan Patricia, Oga Godfrey ya waiwayo ya dube ni. Na ce ya ci gaba. Ko minti biyar ba a yi ba gefen shafin ya zama fari.

Na jira. Sati ɗaya, fuska ta biyar. Sati biyu, ta biyar. Ranar Juma'a na aika wa Maman Lucky masa kamar kullum, don kada ta ga canji.

Ranar Asabar da hantsi ta zo Inkil da kanta, ba ta taɓa zuwa ba sai ran gaisuwa. Ta yi sallama, na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Ta ajiye kwanona a ƙasa. Da na ɗauka na ji ba nauyi. An wanke shi tas.

"Yaya Hamsatu, wata kwastoma ce ta ce mini ta nemi sunana a shafin mai gyaran keke ba ta gani ba. Na ce ƙarya ne. Na duba da idona."

Na fara yi mata bayanin injin. Ta ɗaga hannu.

"Ni ban damu da inji ba. Mutum nawa ke zuwa mini ta shafin Malam, biyu a shekara? Da kin zo kin ce, Patricia, cire naki zan yi saboda yarona, wallahi da na ce cire, ni zan bar na Malam a nawa. Ni ma uwa ce. Amma kina aiko mini da masa kina dariya, kin riga kin share ni?"

"Maman Lucky, tsoro na ji."

"Tsoron me? Ni?"

Ta gyara ɗankwalinta. Ta ce, "Malam bai taɓa yi mini haka ba," ta fita.

Ta cire sunan Malam daga shafinta a ranar. Mutanen nan sun san juna, Malam ne ma ya haɗa da yawansu. Kafin wata ya ƙare magana ta zaga. Malamin tarihi ya kira ni ya ce Allah ya jiƙan mai shafin, ya kashe wayar. Waɗanda ba su cire ba su ne waɗanda shafinsu ya riga ya mutu.

Na roƙi Oga Godfrey ya mayar da sunayen. Tara muka iya tunawa da adireshinsu daidai, sauran suna cikin kan Malam. Ya mayar da taran. Ba wanda ya mayar da namu. Ya ce ko sun mayar ma ba za mu koma inda muke a da ba, zamanin wannan ya wuce. Na tambaye shi ko da ban taɓa komai ba haka za mu nutse. Ya ce ƙila, a hankali dai. Na so wannan maganar ta sanyaya mini rai, ba ta sanyaya ba.

Yanzu kullum bayan asuba ina zama a bakin gadon inda Malam yake zama. In rubuta sunansa, da gyaran keken ɗinki, da Bauchi. Sai ga masu sunansa birjik, wani ɗan siyasa, wani mai sayar da waya, da tallar sababbin kekuna daga Legas. Ina matsawa fuska bayan fuska har ta tara, ta goma, idona ya fara ruwa. Ba ya nan. Sai na buɗe shi ta adireshin da Oga Godfrey ya ajiye mini a waya nake ganinsa, yana tsaye a bakin shago da sukuddireba a aljihu, yana cewa na yafe maka. Ban sa an ƙara cewa ya rasu ba. Ɗanlarai bai da wannan adireshin. In yana raye shekararsa talatin da biyu. Ban san ko ya taɓa nema ba. Ƙila jiya ya nema, ya duba fuskar farko, ya ajiye wayar.

Na rubuta wannan ne ko wani mai shafi da bai san mu ba zai karanta ya ambaci shafin Malam. Ba zan rama masa ba, an ce in na rama ya lalace. Na kai wa Oga Godfrey takardun nan na tambaye shi inda za a sa su mutane su gani. Ya karanta har ƙarshe, ya ce wuri ɗaya kawai muke da shi, shafin Malam.