Tatsuniyar Rana ta Baba Gershon

"Yafet, ajiye dutsen nan!"

Ko kallona bai yi ba. Ya danne Yero, ɗan Hussaina mai kawo mana nono, ya ɗaga dutse saitin kansa. Tun da aka ƙone gonar cittarmu ɗana Yafet ya zama wuta. Hedimasta ya riga ya faɗa mini, faɗa ɗaya ya rage masa a kore shi. Ni kuwa na yi duka har hannuna ya gaji.

Sai wata siririyar murya ta fito ta tagar maƙwabcinmu: "Ga ta nan, ga ta nanku."

Baba Gershon ne, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ciwo ya kwantar tun farkon damina. Duk yaran layinmu a tabarmarsa suka girma. Bakin Yafet ya riga shi amsawa: "Ta zo mu ji ta." Yero ma ya amsa daga ƙasa.

Na ce, "Haba Baba, tatsuniya da rana tsaka?"

"Damaris, wa ya ce maki zan kai dare? Ku shigo."

Suka shiga suna huci, suka zauna nesa da juna. Ya fara labarin raguna biyu da suka haɗu a kan siririyar gada, kowa ya ƙi ja da baya. Numfashi na yanke masa, amma bai bar dabararsa ba. Shi ba ya ba yaro nasa ragon, sai na abokin faɗansa, ya yi magana da bakinsa.

"Yafet, kai ne ragon Yero. Me yake damun ka?"

Yafet ya daɗe yana kallon siminti. Can ya ce, "Ana ce mini ɗan masu ƙone gona. Ni ban ƙone komai ba." Muryarsa ta karye. Wallahi sai da na juya baya na share ido, ina mamakin tsohon nan.

Kafin a kira sallar magariba Baba ya cika.

Ranar jana'iza coci ta cika maƙil. Ana cikin waƙa na duba gefena, babu Yafet. Gabana ya faɗi, na fita da sauri. Yero na tsaye a bakin katanga, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Yafet na kusa da shi cikin rana, kafaɗa da kafaɗa, suna sauraren waƙar ta taga.