Ranar da Jirgin Baba Ya Maƙale a Kogo

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa jirgin ƙasa bai taɓa yin hatsari ba, kuma babu wanda ya isa ya shiga gidanmu ya fita bai ji wannan labari ba. Mai karanta mita ya ji. Mai gyaran famfo sau biyu ya ji, don ya manta sifanarsa ya dawo ɗauka. Takardar yabon da aka ba shi ranar ritaya tana rataye a falo, sama da hoton aurensu da Umma, abin da har yau Umma ba ta yafe ba.

Da ya ajiye aiki mun ɗauka zai huta. Ina! Sai ya ƙwace teburin cin abinci ya shimfiɗa layin dogo na wasa a kai, irin mafi ƙanƙanta da ake ƙerawa. Kan jirgin bai kai ɗan yatsana na tsakiya tsawo ba, in ya faɗi ƙasa kuwa sai an hana kowa motsi an shiga nema da tocila. Ya yi tasha, ya yi gada, ya gina dutse da kwali da filasta, ya fafe kogo a ciki inda jirgi ke shiga ta nan ya ɓullo ta can. Shekara bakwai ke nan a kan cinya muke cin abinci. Shi kuwa Baba ya haɗa lissafin ya ce yanzu shekararsa arba'in da ɗaya ba hatsari: talatin da huɗu a babban layi, bakwai a ƙarami.

Abokin wannan aiki shi ne Kawu Sigina. Ba mu haɗa jini da shi ba, tsohon mai ba jirgi hannu ne da suka yi aiki tare, kuma tun ina goye nake jin suna musu. Duk Asabar da safe zai zo da usur, da tutoci biyu, da littafin da yake rubuta kowace tafiya. Dokar babban layi suke bi ba ragi. Baba ba ya taɓa abin murɗa wuta sai Kawu ya ɗaga koriyar tuta, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu faɗin tebur ce, har numfashin juna suna ji.

Ni gyaran waya nake yi, don haka ni ce mai hantsaki da madubin ƙara girma a gidan. In suna bukatata, sunana Injiniya. In na faɗi gaskiya, sai in koma "yarinyar nan".

Abin ya faro ne da sabuwar bodi. Masu ƙera jiragen sun fito da sabon samfurin gangar jiki na irin kan jirgin da Baba ya tuƙa a zahiri, da fitila mai kamawa a gaba, da ɗan akwati a rufi, da dunƙulen ƙarfe a ciki don tayoyi su riƙe dogo. Baba ya sa aka kawo. Ni na cire tsohuwar bodin na ɗora sabuwar a kan tsohon injinsa, wanda aka daina yin irinsa tuntuni, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa in yi a hankali kamar tiyata nake wa jikansa. Na ɗauki buroshi mai gashi uku na rubuta masa lambar tsohon jirginsa a gefe. Da ya duba ta madubi sai ya ce ƙura ce ta shiga idonsa.

Matsalar ita ce jirgin ya ƙara nauyi, ga fitila tana shan nata rabon, ita kuma tsohuwar taransifomar da ke ba layin wuta ta gaji da duniya. Aka kunna, jirgi ya riƙa jan ciki yana tsayawa a kan gada.

"Baba, taransifomar ce ta tsufa," na ce. "Zan samo wata mai jimiri. Amma ga takardar da ta zo da bodin, an rubuta kada wuta ta wuce bolt takwas. In ta wuce, injin zai dahu. Ka ba ni zuwa Litinin."

"Bolt takwas!" Baba ya yi tsaki. "Ni da na tuƙa inji mai ƙarfin doki dubu uku za a karanta wa takarda? In kai ya yi nauyi, ƙarfi ake ƙara masa. Tambayi kowa."

"Haka ne," in ji Kawu. Rabon da su yarda da juna a kan wani abu har na manta, kuma da na san abin da hakan ke nufi da na ɓoye jirgin a jakata.

Ranar Asabar na shigo falo da tiren shayi sai na ga wani abu ja ya wuce tasha fiu, tarago uku na bin sa suna rawa. Fitilar gaba tana haske har da ɗaukar ido. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Cajar kwamfutata ce, wadda na kwana biyu ina nema, an yanke mata kai an murɗe wayoyinta a cikin akwatin abin murɗa wuta, an naɗe da salatif. Bolt goma sha tara take bayarwa.

"Kawu! Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Sashen sigina da sadarwa," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Matsa, kin tare wa direba hanya."

Kafin in ajiye tiren Kawu ya murɗa layi zuwa wajen dutse ya ɗaga tuta. Jirgi ya shige kogo. Muka juya gaba ɗaya muna kallon ɗaya bakin. Shiru. Ashe akwatin nan na rufin sabuwar bodi ya ƙara mata tsawo da kaurin farce, kogon kuma da tsohuwar bodi aka auna shi. Wani ɗan kuka kawai ke fitowa daga ciki, zzzz, kamar sauro a cikin kwalba.

Baba ya gyara zama ya ƙara wuta kaɗan, yadda ake yi wa babban inji in ya cije a hawa. Kukan ya ƙaru.

"Baba, kashe! Kashe wutar! Bari in ɗaga dutsen in ciro shi."

"A layina ba a ɗaga dutse," ya ce. "Kin taɓa ganin hannu ya sauko daga sama ya ɗauki jirgi?"

"To ka kashe kawai!"

"Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ba a kashe inji a kan gangara. Iskar birki ta zube, wa zai riƙe taragun?"

"Wace iska? Baba, roba ce!"

Bai saurare ni ba. Ya dubi Kawu ya ce, cikin muryar da ban taɓa jin yana amfani da ita a gida ba, "Sigina, direba na neman izinin ja da baya."

"Sai da takarda," in ji Kawu. Ya buɗe littafi ya shiga laluben aljihu. "Ina tabarauna? Yau nawa ga wata?"

Wallahi na so in yi ihu. Soket ɗin yana bayan kujerar Baba, kuma ban taɓa tsallake ƙafar mahaifina ba tunda aka haife ni. Na tsaya da tire a hannu, Kawu yana rubuta sunan tasha harafi bayan harafi, yana tambayar ko "izini" ake rubutawa ko "izni". Sai wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta bakin kogon.

"Kai, ka ga ikon Allah," Kawu ya ce yana murmushi. "Har hayaƙi suka sa masa. Kamar gaske."

"Ba su sa masa hayaƙi ba!"

Na dire tiren, na rarrafa ta ƙarƙashin kujera na fizge cajar. Ƙaurin roba ya riga ya kai kicin, don Umma ta fito da ludayi tana tambayar wa ya bar dutsen guga a kunne.

Wannan karon ba wanda ya hana ni ɗaga dutse. Kan jirgin yana nan a tsakiyar kogo, rufinsa ya lotsa, bodin ta narke ta rungume injin, lambar da na rubuta ta zama ɗigon fenti. Na taɓa shi da hantsaki, tayoyin ba sa ko motsi. Na ji haushin cajata, na ji haushin aikina na kwana biyu, amma da na dubi fuskar Baba sai duk haushin ya gudu, tausayi ya kama ni. Ya tsufa a cikin minti biyar.

"A kafa kwamitin bincike," ya ce a hankali.

Umma aka naɗa shugaba, tunda ita kaɗai ce ba ta da hannu a ciki. Ta zauna a kujerar Baba da ludayinta, ta ce a yi sauri tukunyarta na kan wuta.

Kawu ya miƙe ya cire hularsa. "Ranki ya daɗe, laifin sashena ne. Ni na haɗa wutar da ta fi ƙarfin inji. Ni na ba da hanya ban auna kogo ba. Ni na ɓata lokaci wajen takarda. A rubuta cewa direba ba shi da laifi, tarihinsa yana nan yadda yake."

Mutumin da ya shekara arba'in yana cewa direbobi ba su iya komai ba sai busa oda, shi ne ya faɗi haka. Na ɗauka Baba zai karɓa da hannu biyu. Ni ma da an tambaye ni, da na rantse ban ga komai ba.

"Ƙarya kake, Sigina," in ji Baba. "Zauna. Hannun wa ke kan wuta? An gaya mini bolt takwas na ƙi. An ce in kashe na ƙi. Buɗe littafi ka rubuta: laifin direba."

Kawu ya zauna, ya rubuta, yana jan hanci.

"Mutum nawa ne a cikin taragun?" Baba ya tambaya.

Kawu ya duba shafin da gaske, ya bi layi da yatsa. "Babu kowa. Tafiyar gwaji ce."

"To rubuta. Wanda ya mutu, babu. Wanda ya ji rauni, babu." Baba ya ja dogon numfashi. "Karanta mini."

Kawu ya karanta. Baba ya ce ya sake, ya sake karantawa.

Sai Baba ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke motsi, hawaye na bin gemunsa. Muka tsaya muna kallonsa, ni har na fara tunanin ko a kira likita.

"Ba ku sani ba," ya ce da ya samu numfashi. "Duk ranar da na hau inji, sai in juya in kalli taragun nan cike da mutane, mata da goyo, tsofaffi, 'yan makaranta, in ce a raina yau ce. Kullum yau ce. Ba direban da hatsarinsa ba ya jiransa a wani wuri. Na yi ritaya ban gamu da shi ba, sai na ga kamar yana nan yana nemana." Ya nuna ɗan gawayin da ke bakin hantsakina. "Ashe ga shi. Ya zo, kuma ba kowa a ciki."

Umma ta tashi ta ba shi kujerarsa, ta ce an rufe zaman kwamiti. Kawu ya naɗe tutocinsa. Ni na shiga share filastar da ta zube a tebur, ina ta lissafin inda zan samo injin da ya yi kusa da wancan, da taransifoma mai bolt takwas, da kuma inda zan riƙa ɓoye caja daga yau.

Ina cikin haka na ji wani sauti a bayana. Baba ne, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kai a jingine, baki a buɗe, yana minshari.

Na buɗe baki zan yi wa Kawu magana, Umma ta ɗaga mini ludayi.

"Rage murya," ta ce. "Rabona da in ga ya yi barci haka tun kafin a haife ki."