Idon Ɗan Murai

Tsuntsayen na maigidana ne, Sarwono, amma ɗura tawa ce. Shi ke ɗora keji a bayan babur ya tafi gasar waƙar tsuntsaye a garin Klaten, ni ke zama da tsinke tun asuba ina cusa wa 'ya'yan murai, tsuntsun nan mai waƙa, ƙwan tururuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bana uwar ta yi watsi da sheƙa, 'ya'yan suka mutu, saura ɗaya. Tsirara, ido a liƙe, ba komai sai baki. Na sa shi a kwando kusa da murhu. Idon ya zo ya tsage, amma ko hannuna bai bi da kallo ba. Sai na ƙwanƙwasa kwandon yake wangale baki.

"Makaho ne," in ji Sarwono. "Wa zai yi ta ba shi a baki har ya tsufa? Ki bar wa kyanwa."

"Kai ka taɓa ba shi ko loma ɗaya?"

Na kira 'yarmu Retno a waya, mai karatun likitan dabbobi a birnin Yogya.

"Inna, buɗe ido daban, gani daban," ta ce. "A can ƙasan idon akwai 'yan ƙwayoyi masu kama haske, wasu na rana da launi, wasu na duhu-duhu. Ba lallai su nuna tare ba, kamar gwanda a bishiya ɗaya."

"To nasa yaushe?"

"Wallahi ban sani ba. Ki ba shi lokaci."

Lokaci kuwa a jikina ake yankansa. Kowace safiya in fito da kwandon zuwa inuwar ayaba, in ɗura, in share kashi, in kori kyanwa. Tempe, wainar waken soyarmu, ya sha ƙonewa a kasko. Bayana ya riƙe, na gaji har na fara jin haushin tsuntsun, amma na kasa barinsa.

Ran nan na soka gyare a tsinke, na wuce da shi ta gaban ɗan tsuntsun shiru. Kan ya juya. Na yi hagu, ya biyo. Ya cafke. Sannan ya tsaya yana kallon ganyen ayaba, da kaji, da ni. Ko ƙarfin murna ba ni da shi, zama kawai na yi a ƙasa.

"Ashe yana gani," in ji Sarwono. "Madalla."

Ya shiga ɗaki ya fito da keji da baƙin mayafinsa.

"Baban Retno, me za ka yi?"

"Lokacin koyon waƙa ya yi. A rataye shi kusa da tsohon murai, a lulluɓe. Tsuntsu mai kalle-kalle ba ya riƙe waƙa."

"Yau fa ya fara gani."

"Ai na sani."

"Har yaushe?"

"Sai ya iya."

Ya sa shi ciki, ya ja mayafin har ƙasa.