Ƙofa Mai Kwaɗo

A unguwarmu ta Iku da ke gefen Suleja, in ka ga kwaɗo a ƙofar ɗaki, to mai ɗakin yana Abuja. Ko ƙaramin yaro ya san wannan. Tun asuba motoci ke kwashe mutane, kafin hantsi gidajen haya sun yi tsit, sai mu masu sana'ar gida da kajinmu. Ni Bara'atu, da ake ce wa Maman Hamdiyya, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin titi, ɗakina kuma yana kallon na Musaddiq, wani yaron Funtuwa da ke tuƙa motar kamfani a Abuja.

Bara ɓarayin rana suka addabe mu. Mutum ya dawo a gajiye ya tarar an yashe shi, har tukunyar gas ba sa bari, tsinannu. Sai Ɗantala, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya tara mu a filin bohol ya kafa doka. Duk mai fita ya buga kwaɗo ta waje. Ƙofar da ba kwaɗo, sun san da mutum a ciki. Mai kwaɗo kuwa ba kowa, duk wanda suka gani yana raɓe-raɓe a wurin su damƙe shi. Dokar ta yi aiki, sata ta yi sauƙi. Kuma kowa ya faɗi abin da ya ga dama, ni ban taɓa ganin mai tsoron haƙƙin mutane kamar Ɗantala ba. Shi ya matsa aka gyara bohol, shi ya bi gida-gida yana ajiye bokitan yashi saboda gobara, muna yi masa dariya muna cewa kyanwoyin unguwa sun samu ban-ɗaki.

Ana haka Musaddiq ya je gida ya taho da mahaifinsa, Baba Gambo. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi, sai ido da hannun hagu. Musaddiq ya ce nan ya fi kusa da asibiti. Da sassafe zai yi masa wanka, ya ba shi koko, ya kwantar da shi, ya buga kwaɗo kamar yadda doka ta ce, ya miƙo mini ɗan makulli ɗaya. Ni ke leƙa shi, ni ke ba shi abincin rana. Na ba tsohon cokali, in yana son wani abu ya buga a ƙarfen gado, daga ɗakina ina ji. Wani lokacin ba abin da yake so, neman magana ne kawai. In shiga in ce, “Baba, kai fa ka fiya rigima, ni matarka ce?” Sai ya karkata baki, dariyarsa ke nan.

Na ce wa Musaddiq, “Je ka gaya wa Ɗantala akwai mutum a ɗakin nan.”

Ya sunkuyar da kai. “Anti, sai a ce na kulle ubana kamar akuya na tafi neman kuɗi. Bari in samu mai zama da shi tukuna.”

“Kai, rufe mini baki! Wa zai ce? Wanda zai faɗa ya zo ya yi masa wankan mana!”

Ya ce to, zai je. Kullum zai je.

Ranar da abin ya faru shinkafa ta ƙare mini. Na leƙa Baba na ba shi ruwa, na ce yanzu zan je kasuwar Suleja in dawo, na mayar da kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanina. Ina tsakiyar ciniki waya ta yi ƙara. Adaeze ce, maƙwabciyarmu mai ɗinki, tana ihu.

“Maman Hamdiyya, gida ya kama wuta! An kawo wutar lantarki da ƙarfi, ɗakin ƙarshe ya kama! Ɗantala ya fitar da ɗana Prince, yarana duka sun fita, kowa ya fita, mun gode Allah!”

Na ce, “Baba fa? Adaeze, Baban Musaddiq!”

Ba ta ji ni ba, hayaniya ta cika wayar, sai ta katse. Na sake kira ba ta ɗauka ba. Na kira Ɗantala, ta yi ta ringin har ta gaji. Daga baya na ji ashe wayar na aljihun rigarsa, rigar kuma ya tuɓe ta ya jiƙa da ruwa ya lulluɓe ɗan Adaeze da ita. Ita kuwa Adaeze ba ta taɓa ganin tsohon ba, ta ɗauka ɗakin nake share wa Musaddiq.

Na bar buhun shinkafar a nan, ko canji ban karɓa ba. Na haye acaɓa ina dukan bayan yaron ina cewa ya yi gudu. Ya ce, “Hajiya, kashe mu za ki yi?” Na ce, “Ka kashe ni ɗin, kai dai tafi!” Duk hanya hannuna na kan makullin nan, na damƙe shi har ya yanke ni.

Tun daga nesa na hango hayaƙi. Motar kwana-kwana tana tsaye a bakin titi, lungunmu ya yi mata kaɗan, masu gine-gine sun cinye hanya, ma'aikatan na ta jan tiyo da gudu. Maza sun yi layi daga bohol suna miƙa bokiti. Duk ƙofar da ba ta da kwaɗo an ɓalle ta, an shiga an duba. Ƙofar Musaddiq na nan a rufe, kwaɗon na reto, hayaƙi na fita ta ƙarƙashinta.

Na kurma ihu, “Akwai mutum a ciki! Ɗantala, akwai mutum!”

Ya juyo, jikinsa duk baƙi, gashin girarsa ya ƙone. Ya ce, “Maman Hamdiyya, kwantar da hankalinki, mun duba ko'ina. Wannan ai da kwaɗo.”

“Uban Musaddiq na ciki!”

Har in mutu ba zan manta fuskarsa ba. Bai ma jira makullin da nake miƙa masa ba, ya fizgi ƙarfe a hannun wani ya doki kwaɗon. Ƙofar ta buɗe kaɗan ta tsaya, wani abu ya tokare ta. Baba ne. Ya sauko daga gado, ya ja jikinsa da hannu ɗaya har bakin ƙofa. Wutar ba ta ko taɓa shi ba, hayaƙi ne. Cokalin na hannunsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zube a wurin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mijina ya rasu. Wa zan zaga? Na duba in ga wanda zan zaga in huce, ban samu ba.

Musaddiq ya iso bayan la'asar, da rigar aiki a jikinsa. Bai yi kuka ba. Ya durƙusa gaban gawar yana gyara masa hula, yana cewa, “Baba, na dawo.” Da aka yi jana'iza aka share makoki ya tattara abin da ya rage ya koma Funtuwa. Ya zo yi mini sallama na miƙa masa makullinsa, ya ce, “Anti, na buɗe me da shi?” Ya bar mini.

Ɗantala kuwa ya daina zuwa cin abinci wurina, shi da kullum sai ya yi mini tsiyar wake ya yi kaɗan. In ya hango ni sai ya canza hanya. Mutane na ta yabonsa, ya ceci yara, ya hana wuta cin gidan maƙwabta, shi kuma yana ta ramewa. Sai wata rana da hantsi, ina tsince wake, na ga mutum tsaye a kaina. Ɗantala ne. Ya gaishe ni, ya tsuguna.

Can ya ce, “Maman Hamdiyya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A jikin ƙofar nan na tsaya ina karɓar bokiti. Na ji ana bugu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na duba na ga kwaɗo, sai na ce rufi ne ke tsagewa saboda zafi.”

Na ajiye farantin.

Ya ce, “An ce ke ce kike gane maganar tsohon. Don Allah, in ya buga haka, me yake cewa?”

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so, in ce tsohon wasa yake da cokali kawai. Bakina ya ƙi.

Na ce, “Ni yake kira, Ɗantala. Na ce masa yanzu zan dawo.”

Ya ɗora hannu biyu a ka. Muka zauna a bakin titin nan, ni da shi, muna kuka kamar yara, har wata mata ta zo sayen abinci ta tsaya ta juya.